Amsoshin Tambayoyinku: Masai Mai Tanki a Sama, a Cire ko a Bari?

TAMBAYA

Mun gaji wani tsohon gida a Zariya daga mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ginin tun zamanin Turawa ne. Muna so mu gyara shi ba tare da mun ɓata masa kamanninsa na da ba. A ban-ɗakinsa akwai irin masai ɗin nan mai tankin ƙarfe can sama kusa da silin, da doguwar sarƙa da ake ja ruwa ya sauko. Mai aikin famfo ya ce mu cire mu sa na zamani, wai wannan tsohon yayi ne kuma yana shan ruwa. Yayana kuma ya ce a Ingila har nemansa ake yi da tsada. Don Allah ina so in san asalin wannan masai, da dalilin da ya sa aka ɗaga tankinsa sama, da kuma shawarar da za ku ba mu: mu cire ko mu bari?

Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA

Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Kada ku yi gaggawar cirewa. Tankin nan ba don ado aka kai shi sama ba, tsayin shi ne ƙarfinsa. Idan bangonku zai iya ɗaukarsa, ruwanku zai iya hawa ya cika shi, mazaunin tangaran ɗin kuma bai tsage ba, to kuna da abin da zai iya ƙara shekaru masu yawa yana aiki. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza kuma gyaransa ya gagara, maganar mai aikin famfo ce za a bi. Ga bayanin dalla-dalla, domin ki samu abin da za ki kafa hujja da shi idan kun zauna shawara.

Inda abin ya samo asali

Ingila ce mahaifar wannan masai, kuma ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1596 wani bafaden Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, Sir John Harington, ya wallafa bayanin wani masai da ake korawa da ruwa daga tanki, wanda ya girka a gidansa da ke Kelston kusa da garin Bath. Abin bai karɓu ba, domin a lokacin babu famfo a gidaje, babu kuma magudanar da za ta kwashe ƙazantar. Sai da aka yi kusan shekara 180 kafin wani mai gyaran agogo ɗan Scotland, Alexander Cumming, ya yi rajistar dabarar da ta warware babbar matsalar, a 1775. Ya lanƙwasa bututun da ke ƙarƙashin mazauni yadda ruwa kaɗan zai riƙa kwanciya a lanƙwasar, ya tare warin rami kada ya dawo cikin ɗaki. Ruwan nan da kike gani a ƙasan kowane masai na zamani, aikinsa ke nan har gobe. Shekara uku bayan haka, a 1778, Joseph Bramah ya inganta murfin da ke buɗe wa ƙazanta hanya, irin nasa kuma ya daɗe yana kasuwa a gidajen masu hali.

Talaka bai san wannan abu ba sai a tsakiyar ƙarni na 19. A babban baje-kolin da aka yi a Landan a 1851, George Jennings ya girka masai na haya a wurin, ana biyan kwabo ɗaya na kuɗin Ingila, mutum sama da 800,000 suka shiga. Daga nan kowa ya so ya sa a gidansa, sai aka samu wata sabuwar matsala. Ramukan gidaje ba a haƙa su don ɗaukar wannan ruwa mai yawa ba, suka riƙa cika suna malala zuwa Kogin Thames, wanda daga cikinsa ake ɗibar ruwan sha. Cutar kwalara ta yi ta kashe mutane. A bazarar 1858 warin kogin ya kai inda 'yan majalisar dokoki suka kasa zama a zaurensu da ke bakin ruwa, sai da aka jiƙa labulen tagogi da magani. Wannan ne ya sa aka saki kuɗi ga injiniya Joseph Bazalgette ya gina wa birnin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, aka fara aikin a 1859.

Da magudana ta samu, sai hankali ya koma kan ɓarnar ruwa. Masai na farko-farko da murfi ake tare ruwansu, murfin kuwa yakan ci, ruwa ya yi ta zurara dare da rana. Wasu ma da gangan suke ɗaure hannun sakin ruwan don ya yi ta gudu ya kashe wari. Kamfanonin ruwa suka koka, aka yi dokar ruwa ta birnin Landan a 1871, wadda ta ba da damar tilasta wa masu gidaje sa tankin da ke sakin ruwa gwargwado ya tsaya. Tankin da kuka gada ɗan wannan doka ne. A shekarun 1880 kuma masu yin tangaran, irin su Thomas Twyford na yankin Stoke-on-Trent da kamfanin Doulton na Lambeth, suka fara ƙera mazauni guda na tangaran zalla mai tsayuwa da ƙafarsa, ba sai an rufe shi da akwatin katako mai tara datti ba. Da aka haɗa wannan mazauni da tanki a sama da sarƙa, sai aka samu siffar da ta mamaye ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, da zamanin ɗanta Sarki Edward na Bakwai.

Za ki ji ana cewa Thomas Crapper ne ya ƙirƙiro masai mai ruwa. Ba haka ba ne. Shi mai aikin famfo ne kuma gwanin talla, ya kafa kamfaninsa a unguwar Chelsea a 1861, ya yi wa gidan sarauta aiki a Sandringham, sunansa kuma yana zube a jikin tankuna da yawa, shi ya sa ya fi sauran shahara. Ki sa a hau tsani a duba gaban tankinku da bayan mazaunin. Galibi ana samun sunan kamfani a jiki, kamar Twyford ko Shanks ko Doulton. Waɗannan kaya sun biyo Turawan mulki zuwa gidajen ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da asibitoci da makarantun kwana, shi ya sa har yau sunan Twyford da Armitage Shanks ba baƙo ba ne a bakin masu sayar da kayan ban-ɗaki a Nijeriya.

Me ya sa sai a sama?

Masai ba shi da inji. Abin da ke tura ƙazanta ta haye lanƙwasar nan ta wuce shi ne nauyin ruwa da saurinsa, saurin kuwa daga tsayi yake zuwa. A lissafin takarda, ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 2 yana isowa ƙasa da gudun kusan mita 6 a daƙiƙa guda, wanda ya faɗo daga rabin mita kuwa gudunsa kusan mita 3 ne. Wato sai an ninka tsayi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. A zahiri gogayya da jikin bututu tana rage wani abu, amma bambancin yana nan, kuma kunne ma yana jin sa.

Mazaunin wancan zamani ba a gama ƙwarewa wajen tsara cikinsa ba, saboda haka da ƙarfin ruwa ake cike giɓin. Shi ya sa bututun da ke saukowa daga tankin sama siriri ne, faɗinsa inci ɗaya da kwata, wato milimita 32. Ruwa kaɗan-kaɗan ne ke bi, amma da gudu. Da aka sauko da tanki zuwa daidai ƙugu, sai aka faɗaɗa bututun zuwa inci ɗaya da rabi don yawa ya maye gurbin sauri. Na yanzu da tankinsa ke zaune a kan mazauni, kafar ruwansa ta fi duka faɗi, kuma da yawan ruwan da ke zubowa lokaci guda yake aiki, tare da tsarin cikin tangaran da aka inganta. Don haka kada a ce miki na sama ya fi kowane na zamani wankewa. Na zamani mai kyau yana yin aikinsa sarai. Abin da za a iya cewa shi ne na sama yana da rarar ƙarfi, ya kuma fi na zamani mai araha nesa ba kusa ba.

Abin da ke cikin tankin

Idan aka buɗe murfin za a ga abu biyu. Na farko shi ne ƙwallo mai yawo a kan ruwa, an ɗaura shi a sanda. Ruwa na ƙaruwa yana ɗagawa, har ya kai inda sandar za ta toshe bakin famfon da ke cika tankin. Wannan kusan kowane masai yana da shi.

Na biyu shi ne ya bambanta shi da mafi yawan na kasuwa. Kin taɓa ganin yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo? Da zarar an ja man ya haye lanƙwasar tiyon ya fara gangarowa, shi ke nan, zai yi ta jan na bayansa da kansa har sai iska ta shiga. Haka tankin nan yake aiki. Bututun da ke sauka zuwa mazauni ya miƙe a tsakiyar tankin, bakinsa ya ɗara saman ruwa kaɗan. An kife masa wata ƙatuwar ƙararrawa ta ƙarfe mai nauyi. Idan an ja sarƙa, ƙararrawar ta ɗaga. Idan an saki, ta faɗo da nauyinta, ta matse ruwan da ke ƙarƙashinta ya haye bakin bututun. Da ya fara gangarowa sai ya ja sauran, tankin ya zube duka, iska ta shiga ta ƙasan ƙararrawar, ja ya tsaya. Shi ya sa irin wannan yake da nasa hannun: a ja sosai, a saki gaba ɗaya. Wanda ya ja ya riƙe, ko ya ja a hankali, sai ya ce ya lalace. Akwai wani iri na baya-bayan nan da ke amfani da faifai da wata 'yar fatar roba wajen ɗaga ruwan maimakon ƙararrawa, amma dabarar ɗaya ce.

Amfanin wannan tsari babba ne ga mai sayen ruwa. Tun da bakin bututun yana sama da ruwa, babu ta inda ruwa zai zurara cikin mazauni a ɓoye. A irin na zamani da ake danna maɓalli, wata roba ce ke toshe rami a ƙasan tanki. Yashi ƙwaya ɗaya ya maƙale mata, ko ta tsufa ta taurare, sai ruwa ya riƙa silalewa ba ƙara, a wayi gari tankin gida ya ƙare ba a san dalili ba. Mai ruwan burtsatse da ke zuwa da yashi ya san wannan ciwo. Saboda wannan dalili ne dokokin ruwa na Birtaniya suka daɗe ba su yarda da wani tsari ba sai mai zuƙo, sai a 2001 aka buɗe ƙofa ga mai robar toshiya. Iyakar inda tankinku zai yi ɓarna shi ne idan ƙwallon ya daina rufe famfo, kuma wannan ba ya ɓoyuwa, domin akwai ɗan bututun da ke fitar da rarar ruwa inda ido zai gani.

Maganar shan ruwa

A nan mai aikin famfo bai yi ƙarya ba. Tsofaffin tankunan Ingila galan biyu suke saki, kimanin lita 9, wasu ma galan uku, kusan lita 14. Na yanzu a Birtaniya doka ta taƙaita su ga lita 6, haka ma a Amurka tun 1994. Mu ɗauki misali: gida mai mutum takwas, kowa ya kora ruwa sau biyar a yini, sau 40 ke nan. Mai lita 9 zai sha lita 360, mai lita 6 zai sha 240. Bambancin lita 120 ne kullum, jarka shida mai lita 20. Ga wanda 'yan garuwa ke kawo wa ruwa, ko yake tayar da janareto don ya cika tanki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a lura da abu biyu. Masai mai lita 6 da sai an kora sau biyu kafin ya wanke, lita 12 ya sha. Mai yoyon ɓoye kuma ba a san iyakar abin da yake sha ba. Sannan ana iya rage wa tsohon tanki ci ta hanyar saukar da ƙwallon kaɗan, amma da taka-tsantsan: irin mai ƙararrawa idan ruwan bai kai kusa da bakin bututu ba, ba zai tashi ba ko an ja sau goma. A rage kaɗan, a gwada, a tsaya inda yake tashi da ja ɗaya kuma yake wankewa tas. Shawarata, idan gidan na jama'a ne da yawa, a bar wannan a ban-ɗakin baƙi ko na maigida, a sa na zamani inda yara suke yawan shiga.

Yadda ya ɓace, da yadda ya dawo

Ƙara ce ta fara kayar da shi. Ruwan da ya faɗo daga kusa da silin ba ya zuwa a asirce, duk gida sai an san an shiga ban-ɗaki, cikar tankin ma tana da nata kukan. Ga wahalar gyara, sai da tsani. Ga tsatsa. A ƙasashen sanyi kuma jikin ƙarfen yana yin gumi ya ɗiga a kan mutum. Tun farkon ƙarni na 20 aka fara sauko da tanki ƙasa, zuwa shekarun 1960 da 1970 kuma mai tanki a kan mazauni ya ci kasuwa. Wanda ya kalli fim ɗin The Godfather na 1972 zai tuna cewa a bayan irin wannan tanki aka ɓoye bindiga a wani gidan abinci, kuma ko a labarin, wanda ya faru a shekarun 1940, a matsayin tsohon yayi aka ambace shi.

Maganar yayanki ita ma gaskiya ce. Ingila cike take da gidajen zamanin Victoria, masu su kuma da yawa suna so ban-ɗakin ya dace da sauran ginin. Akwai masu sana'ar tsintar tsofaffin tankuna daga gidajen da ake rushewa su gyara su sayar, akwai kuma kamfanonin da ke ƙera sababbi a tsohuwar siffa, har da wanda ke ɗauke da sunan Thomas Crapper. Sababbin galibi na tangaran ne ko alminiyam, cikinsu na zamani, lita 6 suke saki. A gidan tarihin tangaran na Gladstone da ke Stoke-on-Trent akwai sashe guda na tarihin masai, inda ake ganin mazaunai masu zanen furanni shuɗi ciki da waje. Abin da wasu ke biyan kuɗi mai yawa su saya, ku gadonsa kuka yi.

Abubuwan da za a duba kafin a yanke shawara

Na farko, mazaunin. A wanke shi, a duba da fitila. Ƙananan zane-zane a fatar tangaran alamar tsufa ce kawai, amma tsagewar da ta ratsa jiki ba ta da magani. Tangaran mai tsaga yana riƙe ƙazanta, kuma yana iya fashewa da mutum a kai, yankansa kuwa mummuna ne. Idan za a sauya, a nemi mazauni mai kafar ruwa ta baya, wanda aka yi don tanki na daban. Irin wanda tanki ke zama a kansa ba zai karɓi bututun ba. A kuma lura ko mafitarsa ta ƙasa ce ko ta bango, a sayi mai irin ta. Idan sabon mazaunin yana fantsama saboda ƙarfin ruwa, akwai 'yar roba mai rage kafa da ake sawa a bakin bututun. Idan kuma a gidan akwai masu son na tsuguno, tankin sama ya dace da shi ƙwarai, haka ake haɗa su a Indiya da wasu ƙasashen.

Na biyu, bango da maƙalai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga nauyin ƙarfen da ya fi na ruwan, ga fizgar sarƙa kullum, duk a saman kan mutum. Ƙarafan da ke riƙe da tankin da kusoshinsu su ne aka fi mantawa da su, su ne kuma tsatsa ke ci a ɓoye cikin bango. A sauke tankin a duba su. Idan bangon na jan bulo ne mai ƙwari, dogayen noti sun isa. Idan na bulon siminti ne mai rami, a cika ramukan wurin da kankare, ko a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure ta baya da faranti na ƙarfe. Idan ginin ƙasa ne, kada a dogara da bangon ko kaɗan, a yi wa tankin ƙafafun ƙarfe daga daɓe. Wannan ba wurin neman sauƙi ba ne.

Na uku, ruwan da zai cika shi. A nan ne aka fi samun matsala a gidajenmu, domin yawancinmu ba daga famfon gwamnati kai-tsaye muke sha ba, daga tankin da muka ɗora a kan ƙarfe ne. Bakin tankin masai yana wajen mita 2 daga ƙasa. Idan gindin babban tankinku bai ɗara haka da abin kirki ba, ruwa zai riƙa zuwa ɗis-ɗis, ko ya ƙi hawa da zarar babban tankin ya yi ƙasa, alhali sauran famfunan gidan suna zuba. A auna. Idan akwai tazarar mita biyu ko fiye, hankali ya kwanta. Idan babu, a ɗaga babban tankin, ko a sa bakin famfo mai faɗin kafa wanda aka yi don ruwa maras ƙarfi. A sa makulli a bututun da ke shiga, daidai inda hannu zai kai, don ranar gyara.

Na huɗu, jikin tankin. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce: a kankare da burushin ƙarfe, a shafa fenti mai hana tsatsa ciki da waje, a goge ƙararrawar da bakin bututun. Amma idan ƙarfen ya tsage ko ya huje, walda ba ta cika kama irin wannan ƙarfe na zubi ba, gara a nemi wani. Irin mai ƙararrawa ba shi da roba a sashen sakin ruwa, don haka abin da zai buƙata bai wuce sabon ƙwallo da famfonsa ba, su kuwa suna ko'ina a kasuwa. A tabbata yana da murfi mai rufuwa, saboda sauro da ƙurar hunturu da ƙadangaru. A bar tazara tsakanin murfin da silin yadda hannu zai shiga. Masu shirin sa sabo a ɗakin da aka yi wa silin na ƙasa-ƙasa su fara aunawa, domin kayan gaba ɗaya yana neman abin da ya kai mita 2.3 ko kusa da haka.

Na biyar, dalma. A gine-ginen wancan zamani akan samu bututun dalma, da fenti mai dalma, wani lokaci ma akwatin katako da aka shimfiɗa wa dalma a ciki. Dalma guba ce, musamman ga yara. Bututun da ke sauka cikin masai ba shi da haɗari, amma duk bututun dalma da ke kai ruwa famfon sha ko na alwala a sauya shi. Mai kankare tsohon fenti ya jiƙa shi tukuna, ya rufe hanci, a kuma nisantar da yara har a share wurin.

Idan ana son ya yi kyan gani

Turawan da suka tsara wannan ban-ɗaki takarda suke amfani da ita, daɓensu a bushe yake. Mu masu buta ne, saboda haka sai an yi gyara. A sa famfo ƙasa-ƙasa kusa da mazauni don cika buta, a karkata daɓen zuwa magudana. Murfin zama na katako shi ne ya dace da tsohuwar siffa, amma ruwan tsarki yana ruɓar da shi idan ba katako mai ƙwari ba ne da aka shafe da kyau. Tayil fari da baƙi a ƙasa, farin tayil a bango zuwa daidai ƙirji, da famfuna masu kai irin na gicciye, sun isa su fito da kamannin zamanin. Bututun da ke saukowa shi ido ke fara gani, saboda haka a nemi na tagulla ko wanda aka yi wa rufi mai ƙyalli na gaske. Na ƙarfe mai ɗan shafe-shafen ƙyalli damina biyu zai yi ya fara ɓarewa, araha ba ta ado. Sarƙar ta sauko inda yaro da tsoho za su kai ba tare da miƙewa a kan mazauni ba, a sa mata mariƙi na tangaran ko katako. Idan kuma gyaran zai kai ga motsa mazaunin daga inda yake, dama ce ta duba alƙibla. Malamai sun yi sassauci a cikin gini, amma da yawanmu mun fi samun natsuwa idan ba a fuskance ta ba, ba a kuma ba ta baya ba.

Shawara ta ƙarshe

Ki sa mai aikin famfon ya sauke tankin a gabanku, a duba abubuwa biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi kuɗin gyara, ya kuma faɗi kuɗin sabo mai inganci har da fasa daɓe da tayil. Idan shi bai taɓa gyara irinsa ba, ba laifi ba ne, a nemi dattijo a cikin masu sana'ar wanda ya yi aiki a tsofaffin gidajen gwamnati ko na jirgin ƙasa, Zariya ba za ta rasa su ba. Idan bincike ya nuna dole a cire, kada a bari a fasa shi da guduma, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. A kwance shi a hankali, tanki da maƙalai da bututu da sarƙa, a ajiye wuri guda, domin wanda ke gyara irin gidanku zai biya abin da ya fi kuɗin ƙarfe.

Allah Ya sa a gama aikin lafiya, Ya haɗa kan magada.